Ranar Ƙaura da Akwatin Mabuɗai

Ka sani, ya kai mai karatu, duk wanda ke riƙe da wayar zamani yana da ƙofofi masu yawa da ya ke buɗewa da kalmar sirri: ta banki, ta wasiƙun intanet, ta Facebook, ta wurin aiki. Ba mai iya haddace talatin ko arba'in, saboda haka mutane da yawa su kan kulle dukan ƙofofin da kalma guda. Ran da ɓarawo ya sami gudan nan kuwa, gida duka ya zama nasa. Maganin da masana suka fitar shi ne akwatin mabuɗai, watau manhaja wadda ke ƙirƙira wa kowace ƙofa kalmarta dabam, doguwa mai wuya, ta adana su a kulle. Abin da ya rage maka sai haddace kalma ɗaya, ita ce uwar mabuɗai.

To, akwatunan nan iri uku ne. Na fari shi ne wanda ke zuwa tare da waya, kamar na Google, ko na Apple wanda aka ware masa manhaja ta kansa a 2024. Kyauta ne, ba wuya, amma a ɗaure ya ke da asusunka na kamfanin. In asusun ya kuɓuce maka, to, da mabuɗan ya tafi.

Na biyu na kamfanonin da wannan ce sana'arsu. 1Password na Kanada ya fito a 2006, biya a ke yi, bayan uwar mabuɗai kuma yana ba ka wani mabuɗin asiri mai harufa da lambobi 34 wanda ke zaune a na'urarka. Bitwarden ya fito a 2016, an shimfiɗa ƙirarsa a fili domin masana su bincika, yana kuwa da sashe na kyauta wanda ke aiki a waya da kwamfuta duka.

Na uku shi ne KeePass, wanda wani Bajamushe, Dominik Reichl, ya fitar a 2003. Shi wannan ba ya kai ajiyarka rumbun kowa, a kwamfutarka ta ke zama. Ba kamfanin da za a fasa a kwashe naka, amma in kwamfutar ta lalace ba ka yi kwafi ba, ba wanda za ka kai wa kuka.

Mai zaɓe ya kan tambayi ƙarfin kwaɗo kaɗai. Lalle akwai tambaya ta biyu, watau in na so fita, da ƙofa? Gama ƙaura ta kan zo ba shiri. A watan Maris na 2021 LastPass ya taƙaita wa masu amfani da shi kyauta, ya ce ko waya ko kwamfuta, ba duka biyu ba. A Disamba na 2022 kuma ya sanar cewa ɓarayi sun kwafe akwatunan mutane. Kalmomin a kulle su ke, amma adireshin shafukan a buɗe, wanda uwar mabuɗansa gajera ce kuwa ya shiga haɗari, domin ɓarayin suna iya zama su yi ta gwaji ba mai korarsu. A 2025 Microsoft ya janye ajiyar kalmomin sirri daga manhajarsa Authenticator, Dropbox kuma ya rufe nasa akwatin ɗungum. Saboda haka kada ka shiga akwatin da ba ya barinka ka fitar da kayanka.

Ranar ƙaurar ita ce abin tsoro. Sa'ad da ka ce wa tsohon akwati ya fitar da ajiya, yawanci fayil ya kan ba ka irin wanda a ke kira CSV. Fayil ɗin nan ba kwaɗo gare shi ba: sunan banki, da sunanka, da kalmarka, ga su nan a jere, ko yaro ya buɗe ya karanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba a tsakiyar kasuwa a ke yinsa ba. Ka yi aikin a kwamfutarka, ba ta shagon buga takardu ba. Kada ka aika wa kanka fayil ɗin ta WhatsApp ko ta wasiƙa.

Da ka shigar da shi cikin sabon akwati, ka ƙirga. In tsohon yana da ɗari da ashirin, sabon ma ya cika ɗari da ashirin. Ka gwada shiga banki da wasiƙu. Sa'an nan ka duba abin da bai biyo ba, gama CSV ba ya ɗaukar hotunan takardu, ko mabuɗan nan sababbi da a ke buɗewa da zanen yatsa, wani sa'i ma har lambobi shida masu sakewa kowace daƙiƙa 30 su kan tsaya a baya. Waɗannan sai da hannu, ɗaya ɗaya. In ka gama ka goge fayil ɗin nan take, ka bi shi kwandon shara na kwamfuta ka sake gogewa. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Tsohon akwatin ka bar shi kamar wata guda. In ka tabbata ba abin da ka baro, ka rufe asusun gaba ɗaya, domin cire manhaja daga waya ba ya share abin da ke rumbun kamfani. In kuwa sata ce ta kore ka, ƙaura kaɗai ba ta isa ba, gama kwafin da ɓarayi suka ɗauka yana hannunsu. Sai ka sake kalmomin, ka fara da ta wasiƙu, domin ta can a ke sabunta sauran, sa'an nan ta banki.

Uwar mabuɗai ka yi ta da kalmomi biyar ko shida waɗanda ba su da dangantaka da juna, ban da sunan ɗa ko shekarar haihuwa. Kamfanin bai san ta ba, in ka manta ba ya iya faɗa maka. Ka rubuta ta a takarda, ka ajiye inda ka ke ajiye takardun gida, ka kuma shaida wa mutum ɗaya amintacce inda ta ke, domin kada iyali su rasa hanya in ta Allah ta kasance. Wassalam.