Ba Kowane Ido ke Ɗaukar Aikin Leza ba

Duk mai sa tabarau na magani ya san wahalarsa. Ya tashi da asuba yana lalube a gefen katifa, ya zo alwala ya rasa inda zai ajiye, hunturu kuwa ya tula wa gilashin ƙura. Shi ya sa da ya ji ana gyara ido da hasken leza cikin 'yan mintuna, tambayarsa ta farko ita ce, "Nawa ne?" Likitan kirki ba daga nan yake farawa ba. Abin da ke gabansa shi ne ko idon nan zai ɗauki aikin.

A gaban ƙwayar ido akwai wani tantani garau mai kama da gilashin agogon hannu, likitoci na kiransa koniya. Shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa bayan ido. Leza ba ta ƙara masa komai, sassaƙa shi take yi har siffarsa ta daidaita, kuma abin da masassaƙi ya fere daga jikin turmi ba ya komawa. A aikin LASIK, wanda likitan Girka Ioannis Pallikaris ya fara yi, ana yanka marfi siriri a saman koniya, a ɗaga, a sassaƙe ƙasansa, a mayar da marfin.

To, ga lissafin da ke yanke hukunci. Kaurin koniyar yawancin mutane wajen maikiron 540 ne, wato rabin milimita da 'yar ɗoriya. Marfin kan ci kamar 110. Kowace lamba ɗaya ta ƙarfin tabarau kan ci kusan 15, don haka mai lamba takwas zai rasa wajen 120. Saura 310 ke nan, babu laifi. Amma idan kaurin koniyarsa 480 ne tun asali, abin da zai rage 250 ne kacal, daidai bakin iyakar da likitoci suka daɗe suna kiyayewa, da yawansu ma ba sa yarda a sauka ƙasa da 300. Koniyar da aka ƙwaƙule fiye da kima tana iya bulluƙowa gaba bayan shekaru, gani ya lalace yadda tabarau ma ba zai gyara shi sosai ba. Mutum biyu masu lambar tabarau iri ɗaya, a karɓi ɗaya a mayar da ɗaya gida, ba son kai ba ne.

Akwai kuma waɗanda koniyarsu da kanta take yin siriri tana tsini, cutar da ake kira keratokonas. Tana da alaƙa da yawan murza ido, kuma yaran da suka tashi da ciwon nan na ƙaiƙayin ido da ke mayar da farin ido ruwan ƙasa, wanda ya zama ruwan dare a ƙasashenmu masu zafi da ƙura, sun sha murza. Farkon cutar ba ya nuna kansa sai an ɗauki taswirar koniya da na'ura. Asibitin da zai sa maka ranar aiki ba tare da wannan taswira ba, ɗauki hularka ka fita.

Kafin a yi aikin, shekaru sai sun kai 18, kuma lambar tabarau ta tsaya wuri ɗaya aƙalla shekara guda. Mai juna biyu da mai shayarwa su dakata, domin sauyin da jiki ke yi a lokacin yana motsa lambar.

Bushewar ido ita ce ƙorafin da aka fi yi bayan LASIK, saboda yankan marfin yana katse ƙananan jijiyoyin da ke sanar da ido cewa yana buƙatar hawaye. Wanda dama idonsa ke yi masa kamar an zuba yashi, musamman in iskar hunturu ta kaɗa, a fara magance wannan tukuna. Haka mai ciwon suga da bai daidaita ba, da mai cutar da garkuwar jiki ke far wa jiki kamar lufus, da mai shan isotretinoin don kurajen fuska: rauninsu ba ya warkewa yadda ake so.

Wani ruɗani da ya kamata a kawar shi ne ɗaukar wannan aiki a matsayin maganin kowane ciwon ido. Yanar ido a can ciki take, a madubin da ke bayan baƙin ido, aikinta daban. Hawan jinin ido kuwa, wanda ya fi addabar mutanen Afirka ta Yamma fiye da Turawa, akwai tarko a cikinsa: koniyar da aka rage wa kauri tana sa na'urar awo ta nuna matsin ido ƙasa da yadda yake. Duk wanda aka yi wa leza, ya riƙa faɗa wa kowane likitan ido da zai duba shi har iya rayuwarsa.

Ɗan dambe da ɗan kokawa da duk wanda fuskarsa ke shan bugu, marfin nan yana iya gocewa ko bayan shekaru. Irinsu an fi yi musu PRK, inda ake kankare saman koniya ba tare da marfi ba. Ya fi raɗaɗi a kwanakin farko, gani kuma yakan ɗauki makonni kafin ya washe. Mai lamba babba ƙwarai ko siririyar koniya, wani lokaci akan dasa masa ɗan madubi a cikin idon maimakon sassaƙa.

Sai wanda ya haura arba'in, wanda ya fara miƙa hannu nesa in zai karanta saƙo a waya. Wannan tsufan madubin cikin ido ne, leza ba ta tsayar da shi. Abin mamaki ma, mai matsalar hangen nesa da ya saba cire tabarau ya yi karatu tsaf, in aka gyara masa nesan, wannan gatan ya tafi. Zai hango lambar mota daga can ƙarshen layi, amma in ya buɗe Alƙur'ani bayan sallar asuba, sai ya sake laluben tabarau.