Wa ya jera duwatsun nan? Daga Dutsin-Ma zuwa Wassu

In ka bi hanyar Dutsin-Ma zuwa Kurfi, za ka ga manyan duwatsu sun hau kan juna kamar wani ƙato ne ya ɗora su. Ba wanda ya ɗora. Ruwa da zafin rana ne suka bi tsagar dutsen, shekara da shekaru suna cin gefensa, har ya rabu dunƙule-dunƙule. Sai dai dutse ba ya rasa labari a gindinsa. Sunan garin ma daga nan ya fito: an ce wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a kan dutsen.

A Gambiya da Senegal kuwa aikin hannu ne. Can akwai da'irar duwatsu fiye da 1,000, ginshiƙai ne da aka sassaƙa daga jar marmara, irin wadda muka sani a nan, aka kakkafa su a kewaye. Da aka tona, sai ga kaburbura. A 2006 UNESCO ta sa wurare huɗu cikin kayan tarihin duniya, har da Wassu, inda baƙi kan ɗora ɗan dutse a kan ginshiƙi da fatan biyan buƙata.

To yaya ake bambancewa? Ana duba sawun sassaƙa, da ramin da aka kafa dutsen, da abin da ke binne a ƙasa. Shi dutsen ba ya faɗin ranar da aka kafa shi. Ƙashi ko gawayin da ke kusa ake aunawa.

Mafi kusa da mu shi ne Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani. Tuddai ne, ba da'ira ba, kuma tun da can mutane ke cewa kushewar sarakunan Durɓawa ce. Palmer ya tona a 1907, aka sake tonawa a 1992, aka samu gawawwaki da zinariya da wuri da kwanon ƙarfe daga ƙasashen Larabawa. Awo ya nuna ƙarni na 13 zuwa na 16. Kenan labarin baka bai yi ƙarya ba game da kaburburan manya, sunan mai kowane kabari ne awo ba zai iya faɗa ba.

Shi ya sa in ka ci karo da tudu ko jerin duwatsu a gona, kada ka sa diga. Da zarar ƙasar ta cakuɗe, gawayin da za a auna ya bar mazauninsa.