Gashin Dajin Ido Ba Tare Da Cire Ido Ba



A cikin ƙwayar idon ɗan Adam akwai wata shimfiɗa mai duhu, cike da jijiyoyin jini da ƙwayoyin launi irin waɗanda suke ba fatarmu baƙinta. Idan waɗannan ƙwayoyi suka shiga hayayyafa ba ƙa'ida, sai su zama ƙari, wanda likitoci suke kira melanoma. Cutar ta fi kama fararen fata. A Amurka takan sami kamar mutum 5 cikin miliyan a shekara, a wurinmu kuwa ba ta kai haka ba. Amma ƙarancinta bai rage muguntarta ba, don kuwa kusan rabin masu ita takan bazu zuwa wani sashen jiki, musamman hanta.

Da can maganinta ɗaya ne, watau a cire idon a sa na roba. A 1951 wani likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Suwidin, Lars Leksell, ya kawo wata dabara. Kowa ya san yadda yara sukan tara hasken rana da gilashi har ya ƙona takarda, alhali hasken bai ƙona hannun da ya riƙe gilashin ba. To, haka dabarar take. A maimakon haske guda mai ƙarfi, sai a harba ƙananan haskoki daga kusurwoyi da yawa, kowanne ba shi da ƙarfin yin ɓarna a kan hanyarsa, amma duk su haɗu a kan ƙarin su gasa shi. Na'urarsa, Gamma Knife, ta fara aiki a Istokholm a 1968, kuma irinta na yau suna harba haske daga wurare kusan 200. Don ƙwaƙwalwa aka ƙera ta, daga baya aka juyo da ita kan ido.

Kafin gashi sai an ɗauki hoton cikin kai an auna mazaunin ƙarin, an kafe kan majinyaci, an kuma hana idon motsi, domin kuskuren milimita kaɗan yana iya taɓa jijiyar gani. Akan gama a zama ɗaya ko cikin 'yan kwanaki. Wani babban bincike a Amurka ya nuna a 2001 cewa, ga ƙari matsakaici, waɗanda aka gasa musu da ɗan faifan da ake ɗinkawa a bayan ido sun rayu daidai da waɗanda aka cire wa idon. Wannan ya ƙarfafa likitoci su riƙa barin ido. Sai dai gashi yana da nasa lahanin: yakan jawo yana, ko hawan jinin ido, ko raguwar gani bayan shekaru.

Yanzu mu dawo gida. Duk wannan fasaha tana da sharaɗi guda, shi ne a sami ƙarin yana ƙarami. Manomi a Anka ko Bukkuyum, ko mahaifiya a Gummi, idan gani ya fara dushewa sai a ce yana ce, a ɗiga maganin gargajiya, ko a jira mai cire yana. Ga nisan hanya, ga rashin tsaro, ga kuɗin mota. Kafin a isa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, balle sashen gashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Shika a Zariya, ido ya riga ya kumbura, babu sauran zaɓi sai cirewa.

Daɗin daɗawa, dajin idon da ya fi damunmu a nan shi ne na ƙananan yara, wanda alamarsa ta farko farin haske ne a tsakiyar baƙin ido, kamar idon kyanwa da dare. Akwai kuma tsiron da yakan fito a kan farin ido ga manya. Dukkansu suna warkewa idan an kama su da wuri.

Saboda haka ina roƙon ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomin nan uku: duk wanda ya zo da gani mai dushewa a ido ɗaya, ko tabo mai girma, ko yaro mai farin ɗigo a ido, a rubuta masa takarda ran nan zuwa wurin likitan ido, ko a Gusau, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Kada a ce ya dawo bayan girbi.