Labaran Ta'asa, na Al'ajabi da na Matasa: Ra'ayin Mai Karatu daga Ƙasar Kabi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba wasu rukunoni uku na ƙagaggun labarai waɗanda suka fi shiga hannun samari da 'yan mata a yau, wato labaran ta'asa da bincike, da labaran al'ajabi, da kuma labaran da ake rubutawa musamman domin matasa. An ɗauki ƙasar Kabi, daga Augie zuwa Argungu da Birnin Kebbi, a matsayin wurin tsayawa domin hangen al'amarin, saboda mai karatu a wannan yanki ya daɗe yana karanta abin da aka rubuta a Zariya da Kano, amma da wuya ya ga garinsu ko irin rayuwarsa a ciki. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, waɗannan rukunoni ba baƙi ba ne a adabin Hausa, kuma raunin da ake gani a cikin na baya-bayan nan ya fi alaƙa da rashin ƙa'ida da rashin mazauni fiye da jigon da marubutan suka zaɓa.

2.0 Asalin Rukunonin

Masu sukar waɗannan littattafai sukan ce kwaikwayo ne na finafinan Indiya da Amurka. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai tarihi ya riga finafinan. Gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933 ita ta haifar da ƙagaggun labaran farko, kuma tun a cikinsu aka shuka irin. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara cike suke da aljannu da tafiya zuwa ƙasashen da ba a sani ba. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne da dabarunsu. Jiki Magayi na John Tafida da East kuwa ya ginu a kan ramuwar gayya, inda yaro ya tashi ɓarawo saboda sammun da aka yi masa, har ya kashe mahaifinsa.

Daga baya kowane reshe ya yi tsiro. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya. A 1980 Kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda suka sa soyayyar matasa a tsakiyar labari. A 1982 aka sami Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a kan gungun 'yan ta'adda bayan yaƙin basasa. Ke nan marubucin yau yana da magabata na gida da za a iya auna shi da su.

3.0 Labaran Ta'asa da Bincike

Ƙa'idar wannan rukuni ita ce hujja. Tun daga Sherlock Holmes na Conan Doyle, wanda ya fara bayyana a 1887, har zuwa littattafan Agatha Christie, yarjejeniyar da ke tsakanin marubuci da mai karatu ita ce za a shimfiɗa alamomi a fili, sa'an nan a warware ƙullin da hankali. A nan ne da yawa daga cikin namu suke tuntuɓe. Za a ƙulla kisan kai mai rikitarwa, amma idan an zo warwara sai mai laifi ya haukace ya tona wa kansa asiri, ko wani ya yi mafarki, ko hatsarin mota ya gama da mugu. Nufin marubucin shi ne ya nuna cewa alhaki kwikwiyo ne, kuma wannan darasi ne mai kyau. Amma kuwa mai karatu ya tashi bai koyi yadda ake bin sawu, ko auna shaida, ko bambanta zato da tabbas ba, alhali kuwa fiƙihun da muka gada ya yi dogon bayani a kan shaida da rantsuwa da iƙirari.

Abin da ya ɗaukaka Turmin Danya shi ne marubucin ya san yadda kaya ke tsallake iyaka, da hannuwan da kuɗi ke bi. Irin wannan sani yana nan jibge a Jihar Kebbi, wadda ta yi iyaka da Nijar da Benin. Rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a 2021, da harin da aka kai garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie a Nuwamba 2024 bayan kora shanu, duk al'amura ne da jama'a ke neman fahimtar yadda suke faruwa. Labarin ta'asa na ƙwarai shi ne wanda zai bi saniyar da aka sace daga ruga har kasuwa, ya nuna mai saye da mai rufa asiri, ba tare da ya mayar da ɗan bindiga jarumi ba.

4.0 Labaran Al'ajabi

A ƙarƙashin wannan rukuni ake sa littattafan yaƙi da matsafa da aljannu, irin waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi suna da su, da wasu daga cikin ayyukan Nazir Adam Salih. Ba a musun gwanintar waɗannan marubuta wajen riƙe mai karatu. Matsalar tana ga masu bin sawunsu, waɗanda suka ɗauka cewa tunda labarin ƙage ne, kome ma yana iya faruwa. Ba haka abin yake ba. Duniyar al'ajabi ma tana da dokokinta. A tatsuniya, Dodo yana da lago, Gizo kuma yana da iyakar wayonsa. Idan takobin jarumi yana sare kome, kuma duk sa'ad da ya shiga tsaka mai wuya sai wani sabon aljani ya ɓullo, to, fargaba ta ƙare, labari kuma ya mutu.

Rauni na biyu shi ne mazauni. Sau da yawa sunayen birane da na jarumai an ƙirƙiro su ne da amon Larabci ko Farisanci, a bisa tafarkin Dare Dubu da Ɗaya. Amma D. O. Fagunwa ya gina dajin aljannunsa a 1938 da kayan Yarabawa, haka nan Nnedi Okorafor a Akata Witch na 2011 ta ɗebo daga al'adun kudancin Nijeriya, duniya kuma ta karɓa. Ƙasar Kabi ba ta rasa irin wannan jari ba. Ga Muhammadu Kanta wanda ya ɓalle daga mulkin Songhai a farkon ƙarni na 16, ga kufan birnin Surame da ganuwarsa ta duwatsu, ga Yakubu Nabame da ya sake tayar da sarautar Kabi a Argungu a 1849. Ga kuma duniyar ruwa ta Matan Fada, da Sarkin Ruwa, da al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa, da labaran kada da masunta. Bikin kamun kifi na Argungu ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, shekarar da aka buga Ruwan Bagaja, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Yaron Augie yana da hakkin ya ga gora da homa a cikin labarin al'ajabi, kamar yadda yake ganin dawakin Bagadaza.

5.0 Labaran Matasa

Wannan rukuni shi ya fi shan suka. Muhawarar da aka yi a jaridu cikin shekarun 1990 tsakanin Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu a kan abin da aka kira Adabin Kasuwar Kano ta tsaya ne a kansa, kuma a 2007 har ƙona wasu littattafai aka yi a Kano. Duk da haka, a cikinsa ne aka sami In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya tunkari cire yarinya daga makaranta da auren dole tun a 1990. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016, ta nuna cewa mata matasa suna iya rubuta gajeren labari mai nauyi a kan gudun hijira da maraici.

Ƙa'idar wannan rukuni ita ce gaskiyar murya. Matashi yana gane marubucin da ke yi masa wa'azi a fakaice, yana kuma gane wanda ke sayar masa da mafarki. Yawancin labaran da ke yawo a wayoyin hannu yanzu, ana sayar da su babi-babi, sun faɗa cikin na biyun: attajiri matashi, da katafaren gida a Abuja, da tafiya Dubai. Ba a ganin yarinyar da ke raba lokacinta tsakanin makaranta da fadamar shinkafa, ko saurayin da ya gama kwalejin horon malamai ta Argungu yana jiran aiki. Har ila yau, tunda babu mai tace rubutun, ƙa'idojin raba kalma da haɗe ta sun lalace, karin harshen Kabi kuma ba ya fitowa ko a bakin taurari.

6.0 Kammalawa

An ga cewa kowane rukuni yana da ma'auninsa: hujja ga labarin ta'asa, doka da mazauni ga na al'ajabi, gaskiyar murya ga na matasa. Da waɗannan ya kamata manazarta su riƙa auna littattafan, maimakon yi musu kuɗin goro. Malaman Hausa a makarantun sakandare na iya haɗa tsohon littafi da sabo a aji ɗaya, ɗalibai su kwatanta su da kansu. Ɗaliban manyan digirori kuma suna da aiki na gaggawa, wato tattara labaran Kanta da na masunta daga bakin dattawan Augie da Argungu, da adana labaran wayoyin hannu kafin su ɓace, domin na baya su sami abin nazari.