Kunu da Sunayensa

Kowa ya san kunu. Yaro na sha, babba na sha. Amma kun taɓa lura da yadda a ke raɗa masa suna?

Kunu garin gero ne ko na dawa, wanda aka dama da tafasasshen ruwa, bai yi kauri ba. In aka tuƙa gari ya yi tauri har a kwashe shi da mara, ya zama tuwo. Don haka mu ke cewa cin tuwo, amma shan kunu.

Koko ɗan'uwan kunu ne. A kan jiƙa hatsi, a niƙa, a tace, a bar shi ya kwana ya yi tsami. Abin da ya kwanta a gindin ƙwarya shi ne kamu, da shi a ke dama koko. Waɗannan sunaye sun yi tafiya mai nisa. Mutanen Ibo suna ce wa kokonsu akamu, daga kamu ɗin nan namu. A Ghana kuwa, inda fataken Hausawa suka kafa zango, a kan sayar da shi da ƙosai a Kumasi da Ankara, sunansa Hausa koko.

Mai koyon rubutu ya lura. Koko daban, ƙoƙo daban. Ƙoƙo ƙaramar ƙwarya ce. Lanƙwasar da ke kan harafi ita ce ta raba su. Ku rubuta wannan: Na sha koko a ƙoƙo.

Shi kunu, sunansa kan zo da kalma biyu. Ta biyun ita ke gaya maka abin da aka zuba a ciki. Kunun tsamiya da ruwan tsamiya a ke yinsa, masu azumi na son buɗa baki da shi. Kunun gyaɗa da niƙaƙƙiyar gyaɗa. Kunun kanwa kuwa da kanwa, shi a ke ba mai jego.

To, a nan sai a yi hattara. Kanwa danginsu ɗaya da gishiri. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura cewa yawan kanwa yana sa jikin mai jego ya riƙe ruwa, zuciya ta wahala. Saboda haka a rage kanwa. In ƙafafun mai jego sun kumbura, ko numfashi yana yi mata wuya, a kai ta asibiti nan da nan.