MUTUWAR FUJU'A: Abin Da Likitoci Ke Tararwa In An Binciki Gawa

A tsakanin wata ɗaya tak na shekarar 1998 manyan mutane biyu suka rasu farat ɗaya a Abuja. Ran 8 ga watan Yuni Janar Sani Abacha ya cika a fadar Aso Rock yana da shekara 54, aka ɗauki gawarsa zuwa Kano aka yi masa sutura a ranar, ba tare da an bincike ta ba. Ran 7 ga Yuli kuma Cif M.K.O. Abiola, wanda ke tsare tun 1994, ciwo ya taso masa yana cikin ganawa da wakilan Amurka, Thomas Pickering da Susan Rice. Aka garzaya da shi asibiti, rai ya yi halinsa.

Da gari ya ɗauka cewa guba aka zuba masa a shayi, har tarzoma ta ɓarke a Ikko, sai gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta yarda likitoci su zo daga Ingila da Amurka da Kanada su feɗe gawar. Abin da suka bayyana shi ne zuciyarsa ta kumbura saboda daɗaɗɗen hawan jini, jijiyoyin da ke ciyar da ita kuma sun ƙuntace, ba su kuwa ga alamar guba ba. Har yau akwai waɗanda ba su gamsu ba, amma dai akwai rahoton likita da za a yi gardama a kansa. Na Abacha kuwa ba kome sai jita-jita.

Wannan aiki ba don manya kaɗai aka tanade shi ba. Tun zamanin Turawa doka ta ce in mutum ya mutu ba a san sanadi ba, ko a hannun hukuma, ko ta hanyar da ke da alamar tambaya, to a sanar da jami'in da ake kira korona (ba cutar nan ta 2020 ba, suna ne na wani muƙami da aka kafa a Ingila a 1194). A ƙasar nan majistare ne kan riƙe muƙamin. 'Yan sanda su kai masa rahoto, shi kuma ya ba likitan gwamnati umurni a rubuce ya binciki gawar. A Birnin Tarayya irin wannan aiki kan faɗa wa likitocin manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙasa da aka buɗe a 1999 da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada.

Yawancin gawawwakin da 'yan sanda ke kaiwa na haɗarin mota ne da harbi da sara. Amma cikinsu akwai kaso mai kauri na mutanen da ba wanda ya taɓa su: ma'aikacin da ya kife a kan teburinsa a sakatariya, baƙon da aka ɓalle ƙofa aka tarar a ɗakin otal, direban da ya kwanta a tashar mota bai farka ba. Su ne likitoci ke cewa sun yi mutuwar Allah da Annabi, watau cuta ce ta kashe su daga ciki, ko da kuwa an gaisa da su lafiya lau da safe.

To, mene ne ake tararwa? Rahotannin da asibitocin koyarwa na Badun da Ile-Ife da Fatakwal da sauransu suka buga cikin shekaru da dama bakinsu ya zo ɗaya: ciwon zuciya da jijiyoyin jini ne kan gaba, uban tafiyar kuwa hawan jini. A wani nazari da likitocin Ile-Ife suka buga a 1998 sun duba gawa 50 ta mutanen da zuciya ta kashe farat ɗaya, suka sami 41 hawan jini ne ya lalata musu zuciya. Biyu kacal ne suka mutu da toshewar jijiyar zuciya, wadda ita ce ta fi kashe Turawa ta wannan hanya. Abin ban takaici, mafi yawansu ba a taɓa gaya musu suna da hawan jini ba.

Yadda abin ke faruwa ba wuyar fahimta. Zuciya tsoka ce, aikinta tura jini. In jijiyoyi suka matse, dole ta ƙara ƙarfi, kuma kamar dantsen maƙeri, tsokar da ke aikin ƙarfi kullum sai ta yi kauri. Zuciyar baligi mai lafiya nauyinta bai cika wuce giram 250 zuwa 350 ba, amma likita kan ɗora ta mai daɗaɗɗen hawan jini a sikeli ya ga ta haura 500. Wannan kauri ba ƙarfi ba ne. Tsokar ta fi ƙarfin jinin da ke ciyar da ita, ta sandare, ba ta buɗewa sosai ta karɓi jini. Rana ɗaya sai bugunta ya rikice ta tsaya cak, ko kuwa ta gaza, jini ya taru a huhu, ruwa ya cika shi, mutum ya shaƙe yana kan gadonsa. Shi ya sa akan ga kumfa a baki da hanci, dangi kuwa da sun ga kumfa sai su ce guba. An sha raba zumunci, an sha zargin kishiya ko abokin ciniki, a kan abin da sikelin likita zai warware cikin sa'a guda.

A wasu kuma ba zuciyar ce ke fara sarewa ba, jijiya ce ke fashewa a ƙwaƙwalwa. Likita in ya buɗe ƙoƙon kai sai ya tarar da gudan jini, ƙodoji kuma sun tsuke sun yi ƙurji-ƙurji, shaidar cewa ciwon ya shekara goma ko fiye yana aiki a ɓoye. Ba kuma sai tsoho ba. Samuel Okwaraji yana da shekara 25 ya faɗi a filin wasa na Ikko ran 12 ga Agusta 1989, Nijeriya na karawa da Angola, binciken gawarsa kuma ya nuna kumburin zuciya da hawan jini.

Bayan zuciya sai huhu. Namoniya da tarin fuka suna kashe baligai da yawa waɗanda suka yi ta sayen maganin zazzaɓi a kemis har lokaci ya ƙure. Akwai taifot da ke huda hanji, da ciwon hanta, da gudan jini da kan taso daga jijiyar ƙafa ya toshe hanyar huhu, musamman ga wanda ya daɗe kwance. A wajen mata akwai cikin da ya zauna a bayan mahaifa ya fashe, mace ta zubar da jini a ciki ba wanda ya gani. Akwai kuma gazawar zuciya bayan haihuwa, wadda likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka yi nazarinta a Zariya cikin shekarun 1970, suka danganta yawanta da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya karkata ga talauci da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jiki.

Sai dai a lura, waɗannan rahotanni yawancinsu daga kudu suka fito. A arewa da wuya dangi su yarda a taɓa gawa, kuma dalilinsu ba abin rainawa ba ne: addini ya yi umurni da gaggauta sutura da kiyaye mutuncin mamaci, ga kuɗin mutuware, ga tsoron zirga-zirgar ofishin 'yan sanda. Mutum ya rasu da hantsi a Wuse, kafin la'asar an kai shi maƙabartar Gudu ko an kama hanyar garinsu. Amma malamai ba su rufe ƙofa ba. Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1976, da Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1987, duk sun halatta feɗe gawa in ana binciken laifi ko ana neman gane cutar da za a kare jama'a daga gare ta. A Ingila kuma, saboda koken Musulmi da Yahudawa, an buɗe cibiya a Sheffield a 2013 inda na'urar hoto ke leƙa cikin gawa ba tare da an sa wuƙa ba. Inda hukuma ke da laifi a nan shi ne jinkiri. Aikin da bai wuce sa'a biyu ko uku ba, in takarda ta sa ya kwana huɗu, ba uban da zai yarda a yi wa ɗansa.

Hasarar kuwa ta rayayyu ce. Hawan jini yana bin jini, wanda ubansa ya mutu da shi ya kamata ya sani tun yana saurayi. Gwamnati ma ba ta iya tsara magani ga cutar da ba ta ƙidaya ba. Ko da yake dokar 1992 ta wajabta rajistar mutuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa a Afirka mutuwa ɗaya ce cikin goma ake rubutawa.

Abin da aka sani dai shi ne kusan baligi ɗaya cikin uku a ƙasar nan yana da hawan jini, watau awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, galibi ba ciwon kai ba jiri. Gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, kimanin ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire. A 2020 Jami'ar Abuja, ƙarƙashin Farfesa Dike Ojji, tare da Jami'ar Northwestern ta Amurka, ta soma wani shiri a ƙananan asibitoci 60 na Birnin Tarayya, inda aka koya wa ma'aikatan lafiya na unguwa auna jinin duk baligin da ya shigo, ko da ciwon ido ya kawo shi, su kuma ɗora shi a kan magani in awon ya nuna ya hau.