Ƙahon Roba: Yadda Ake Ɗaukar Hoto Daga Mota Tana Gudu

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ranar kai amarya a Maraɗi, ko Damagaram, ko Yamai, ya san abin da zan faɗa. Motoci a jere ana ta danna oda, ga wani saurayi a motar gaba ya fito da rabin jikinsa ta taga, wani lokaci ma ya zauna daram a kan ƙofa, hannu ɗaya riƙe da rufin mota ɗaya riƙe da kamara. Direba na taka birki ba zato, ko taya ta faɗa rami, shi ke nan biki ya koma zaman makoki. Abin haushi kuma shi ne hoton da ya sayar da ransa dominsa ba ya kallo, don rawa yake yi kamar mazari.

To, akwai wani ɗan kayan aiki da ke ɗauke wa mutum wannan kasada. Wata roba ce mai kamar faifai da ake mannawa a jikin gilashi ko ƙarfen mota, da ɗan hannu a bayanta inda ake ɗaura kamara ko wayar salula. Ni dai na raɗa mata suna ƙahon roba, kuma ina da dalili.

Wanzami ba ya shafa danƙo a bakin ƙaho. Yakan ɗora shi a bayan mutum, ya zuƙe iskar da ke ciki ta ɗan ramin da ke tsininsa, ya toshe ramin, sai ka ga ƙaho ya kama fata gam. Mutane da yawa suna zaton ƙahon ne ke jan fata. A'a, iskar waje ce ke danna shi. Wannan iska da muke shaƙa tana da nauyi, kuma a bakin teku tana danna kowane ɗan fili mai santimita 1 tsawo da santimita 1 faɗi da ƙarfin da ya kai kilo 1 da ɗan ɗoriya. Ba mu jin nauyin ne don ta ko'ina take dannawa daidai wa daida. Da zarar an raba wani wuri da iskarsa, ta waje sai ta yi rinjaye. Shi ne darasin da muke nuna wa yara a aji da kofi cike da ruwa da ɗan kwali: a rufe, a kifa, ruwa ya ƙi zuba, aji ya kaure da sowa. A shekarun 1650 wani magajin garin Magdeburg a ƙasar Jamus, Otto von Guericke, ya yi irin wannan nuni a gaban manya. Ya haɗa ƙoƙuna biyu na jan ƙarfe baki da baki, kamar an kifa ƙwarya a kan ƙwarya, ya zuƙe iskar ciki, aka ɗaura dawaki 8 ta nan 8 ta can, suka yi ta ja ba su raba su ba. Da ya buɗe ƴar kafar iska, ƙoƙunan suka rabu da kansu.

Bari mu yi ɗan lissafi. Ƙaho mai faɗin santimita 10, da za a iya fitar da iskarsa kaf, zai riƙe kusan kilo 80. Mai santimita 15 kuwa kusan kilo 180. Kada wannan ya ruɗi kowa, domin lissafin allo ne. Babu ƙahon da ke fitar da iska duka, kuma nauyin da masu ƙera shi na kirki ke rubutawa a kwali ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Sa'an nan ƙaho ya fi ƙarfi idan an ja shi kai tsaye, yana da rauni idan ana jansa ta gefe, ya fi rauni kuma idan ana ɓanɓarar bakinsa, kuma abin da kamara ke yi masa ke nan a kan hanya. Kamara mai kilo 1 a kan hannu mai santimita 30 tana murɗa ƙahon ninki 3 na wadda ke kan hannu mai santimita 10. Kowane rami aka faɗa nauyin nan yakan ninka na ɗan lokaci. Ga kuma iskar gudu, wadda ba ta ƙaruwa a hankali: idan ka ninka gudu sau 2, turinta yakan ninka sau 4. Saboda haka ƙahon da ya zauna lafiya a kilomita 40 cikin gari bai ba ka alkawarin kome ba a kilomita 80. Har tudu ma yana da ta cewa, don a gari kamar Ngaundere na Kamaru, mai tsayin wajen mita 1,100, ƙarfin iska ya ragu da kusan kashi 12 cikin 100.

Iri biyu aka fi gani. Akwai mai ɗan kunne, wanda za ka danna robar a jikin gilashi ka kwantar da kunnen, shi kuma ya ɗaga tsakiyarta. Shi ne mai araha, kuma ya isa ga waya ko ƙaramar kamara a cikin mota. Aibinsa ba ya gargaɗi, yana riƙe yanzu, an jima sai ka ji tim. Ɗayan mai ɗan famfo ne, irin wanda masu aikin gilashi ke ɗaukar manyan gilasai da shi. Kana danna famfon har wani jan layi da ke jikinsa ya shige ciki. Idan iska ta fara kutsawa, jan layin sai ya leƙo, ka ƙara dannawa ba tare da ka cire kome ba. Wanda zai sa kamara mai tsada a wajen mota, wannan ya kamata ya nema ko da kuɗinsa ya fi. Kamfanin GoPro, wanda Nick Woodman ya kafa a Amurka a 2002, yana cewa an gwada nasa ƙahon a gudun da ya wuce kilomita 240 a awa. Ban ƙaryata su ba, amma tabbas ba a hanyar burji suka gwada ba, ba kuma cikin hazon hunturu ba.

A nan ne maganar ta shafe mu sosai. Abokan gaban ƙahon roba uku ne, ƙura da zafi da gargada, kuma dukansu ƴan gida ne a wurinmu. Ƙwayar rairayi guda a ƙarƙashin leɓen robar ta isa ta buɗe wa iska hanya, ta riƙa shiga kaɗan kaɗan har ƙarfin ya ƙare. Don haka a wanke wurin da tsumma mai laima, a goge shi ya bushe, a goge robar ita ma, a manna nan take kafin wata ƙurar ta sauka. Kada a shafa mai ko man shafawa da sunan ƙara kamu, santsi kawai zai ƙara. Kada a wanke robar da fetur, yana cinye ta. Masu tofa mata yawu kuma su sani laima takan taimaka ta rufe baki, amma takan sa ƙaho ya riƙa zamewa a hankali.

Zafi fa? A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi ke wuce 40 a inuwa, murfin inji da rufin mota ba su taɓuwa da hannu. Roba takan yi laushi, ƴar iskar da ta rage a ciki ta kumbura, kamu ya ragu. Ita kanta kamarar ko wayar takan yi zafi ta kashe kanta ana tsakiyar aiki. Wanda ke da zaɓi ya ɗauki hotonsa da hantsi ko bayan la'asar, wanda ma hasken lokacin ya fi kyau. Bayan an gama a cire ƙahon a ajiye shi a inuwa da murfinsa, domin wanda aka bari yana kwana yana wuni a jikin gilashi yakan bushe ya tsattsage, a kan fenti kuma yakan bar zobe.

Ita gargada ba ƙahon kaɗai take wahalarwa ba. Yawancin kamarorin zamani ba su ɗaukar hoto gaba ɗaya a lokaci guda, layi layi suke karanta shi daga sama zuwa ƙasa cikin ƙiftawar ido. Idan kamara na karkarwa, kowane layi sai ya faɗo a wuri dabam, ka ga turakun lantarki da gine-gine suna lanƙwasa kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. Maganin shi ne a gajarta hannu, a ɗaure kowace gaɓa tamau, in kamarar na da nauyi a yi mata ƙahoni 3 kamar duwatsun murhu. Masu amfani da waya su ƙara kula. A watan Satumba na 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi cewa girgizar injin manyan babura tana iya lalata ƴan na'urorin da ke daidaita hoto a cikin iPhone. Hanyar da ke kwance kusoshin mota ba za ta ji tausayin waɗannan ƙananan abubuwa ba.

Wurin mannawa ma abin dubawa ne. Gilashi ya fi kome, in dai ba mai tsaga ba ne, ba kuma na taga ba wanda wani zai iya saukewa da mantuwa. A jikin ƙarfe a nemi wuri shimfiɗaɗɗe kusa da gefe, domin tsakiyar ƙofa ko rufi yakan lotsa ya dawo. A guji inda aka liƙa takarda, da inda mai gyaran jiki ya cike ya sake fenti.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Duk ƙahon da aka manna a wajen mota, kome tsadarsa, a ɗauka cewa wata rana zai saki. Dole a ɗaura wa ita kamarar igiya mai ƙarfi, gajera, a kai ta wani wuri dabam a jikin mota, yadda in ta faɗi za ta tsaya tana reto ba ta kai ƙasa ko taya ba. Ɗaura igiyar a jikin ƙahon aikin banza ne, tare za su tafi. Kamarar da ta ɓalle daga mota mai gudun kilomita 90 a awa tana tafe ne da mita 25 a daƙiƙa, kuma wanda ta sama a tsaye bakin hanya kamar an sako masa ita ne daga bene mai hawa 10. Hanyoyinmu kuwa cike suke da ƴan talla da ƴan makaranta da masu babur ba hular kwano. Duk inda aka tsaya a sauka a taɓa ƙahon, a duba jan layin. Direba kuma aikinsa tuƙi, ba a taura biyu a baki. Daƙiƙa 2 da zai yi yana leƙen allon kamara a wannan gudun, mota ta ci mita 50 ba mai kallon hanya. A cikin mota kada a manna kome inda zai tare masa gani, ko a kan wurin da jakar iskar nan ta kariya ke fitowa lokacin haɗari.

Kada wani ya ce duk wannan wahala don hoton biki kawai. Mota ta daɗe tana yi wa masu sinima aiki. A nan Nijar, fim ɗin Cocorico Monsieur Poulet na 1974, wanda Jean Rouch ya yi tare da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Tallou Mouzourane, kusan dukansa labarin wata kwararraɓar Citroën ce da ake yawon sayen kaji da ita a ƙauyuka. A 1976 Claude Lelouch ya ɗaura kamara a hancin Marsandi ya ratsa birnin Paris da asuba cikin minti 8 da ɗoriya, yana keta jar wuta ba a tare masa hanya ba. Ana yabon fim ɗin har yau, ni kuwa ganganci na ɗauke shi, don ran da ya sa a caca ba nasa ba ne shi kaɗai. Wanda ya fi burge ni shi ne Abbas Kiarostami na Iran, wanda a 2002 ya kafa ƙananan kamarori 2 a gaban mota ya bar wata mata tana tuƙi a Tehran tana hira da waɗanda ta ɗauka, fim ya tashi. Ɗan ƙasarsu Jafar Panahi, wanda hukuma ta hana yin fim a 2010, ya bi wannan hanya da motar tasi, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Berlin a 2015. Ranar 15 ga Fabrairu 2013 kuma, da wani dutse daga sararin sama ya fashe a kan Chelyabinsk ta Rasha ya jikkata mutane kusan 1,500, kamarorin da direbobi ke mannawa a gilashi don shaidar haɗari su suka ɗauke shi, masana suka yi amfani da hotunan wajen gano hanyar da ya biyo.

Mai ɗauka ta cikin gilashin gaba zai tarar da inuwar kayan cikin mota tana fitowa a hotonsa. Ya matsar da idon kamara dab da gilashi, ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a ƙarƙashinsa. Sauti kuwa, kamarar da ke waje ba ta jin kome sai hucin iska, sai dai a ɗauki murya dabam a cikin mota a haɗa daga baya.

Saura kuma hukuma da jama'a. Kamara a manne ba ta san shingen jandarma ba, ba ta san barikin soja ko filin jirgin sama ba, ɗauka kawai take yi, kuma mai ita ne zai yi bayani. A kashe ta tun daga nesa, in ta waje ce a tsaya a cire ta kafin a iso. Wanda zai yi fim na sayarwa ya nemi takardar izini tukuna. Haka nan in za a ratsa unguwa a hankali ana ɗaukar ƙofofin gidaje da mata a bakin rijiya, a fara zuwa wurin mai unguwa a gaishe shi, a gaya masa abin da za a yi da hoton.